Neman kalma: me za a kira maikirowef a shirin rediyo?

Mai Shirin Mata: Assalamu alaikum malamai. Ina da shiri ranar Juma'a da safe, rubutun kuma dole in miƙa shi gobe Alhamis kafin la'asar. Batun kiyaye haɗari ne a kicin: gas, da murhun lantarkin nan shimfiɗaɗɗe mai fuskar gilashi, da maikirowef. Na biyun ƙarshe ne suka tsaya mini a wuya. Masu sauraro yawanci matan aure ne da 'yan aiki, ga shi rediyo babu hoto balle in nuna. A taimaka.

Tafinta: Wa alaikumus salam. Na'urar ɗumama abinci. Ita ake ji a kafafen labarai. Ɗaya kuma murhun lantarki ya isa.

Malamin Hausa: Gaɓa tara don akwati ɗaya? Hausa tana da hanyarta ta ƙera sunan kayan aiki: buɗe, mabuɗi, duba, madubi, tsefe, matsefi. To ɗumama, maɗumami. Jam'i maɗumamai. Kowace mace ta san ɗumamen tuwo, ba sai an yi mata bayani ba. Shimfiɗaɗɗen murhun kuma madafi.

Uwargida: Malam, a gidanmu madafi ɗakin girkin ne gaba ɗaya. In aka ce kada a bar yaro kusa da madafi, kicin za a hana shi shiga.

Mai Gyaran Lantarki: Allah gafarta Malam, ginin kalmarka ba ni da ta cewa a kai, fagenka ne. Amma ni da ake kawo wa waɗannan akwatuna bayan sun ƙone, ɗumi ne ya dame ni. A kunnen Bahaushe ɗumi abu ne mai sauƙi, ruwan wankan jariri. Wannan abu kuwa tafasa yake yi, har ya wuce tafasa. Ruwa a kofi mai santsi yana iya haura digiri 100 ba tare da ya yi ko ƙwal ba, ya zauna shiru, sai an jefa sukari ko ganyen shayi ya yi tsalle ya watsu a fuska. Madarar jariri a fida kuma, ka taɓa waje ka ji daidai, a ciki akwai wurin da zai ƙona baki, domin zafin ba ya rabuwa daidai. Hajiya, ko me kika kira shi, ki gaya musu a bar ruwan ya ɗan huta kafin a fito da shi, a juya abinci, madarar jariri kuma a ɗumama ta a cikin ruwan zafi.

Tafinta: To a ce obin mana, ko tanda.

Mai Gyaran Lantarki: Wannan ta fi haɗari. Wadda ta san obin ta san ana saka masa faranti na ƙarfe. Ranar da ta ji an kira wannan obin, samira ko kwanon silba za ta cusa, sai tartsatsi. Cokali mai yatsu, takardar alminiyam, har tangaran mai zanen zinare a baki, duk suna tartsatsi. Ƙwai da ɓawonsa kuma fashewa yake yi.

Malamin Hausa: Ka ga ke nan maɗumami ya fi obin. In kuma kimiyya kuke so, masu rediyo sun riga sun ba mu zango. Muna da gajeren zango, mita 25, mita 31. Na wannan akwati kusan santimita 12 ne. Sai a ce maɗumami mai ƙanƙanin zango. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mu riƙa karya harshe muna cewa maikirowef, kamar kakanninmu ba su bar mana komai ba. Ku buɗe ƙamusun Bargery ku ga dukiya.

Tafinta: Malam, Bargery 1934 ya fito. Shi kuwa wannan abu sai 1945 Percy Spencer ya gano shi a kamfanin Raytheon a Amurka, yana aikin na'urar rada. Kakanni ba su gan shi ba. Kuma yanzu ka ce gaɓa tara ta yi yawa, taka nawa ce?

Ɗan Maraɗi: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk wannan gardama ta 'yan Nijeriya ce. A nan wanda ke da shi mikro'ond yake cewa, daga Faransanci. Kuma ana kama tashoshinku a nan. In Hajiya ta ce maikirowef kawai, rabin matan wajenmu ba su gane ba. Ku dai kullum in an ce daidaitacciyar Hausa, Kananci da Ingilishi ake nufi.

Malamin Hausa: Madalla. Hujja ta zo daga Maraɗi. Aro yana raba mu, tamu tana haɗa mu.

Ɗan Maraɗi: Ban ce haka ba, Malam. Risho da kuke girki da shi daga Faransanci ya zo, ya ƙetara iyaka, ba wanda ya tambaye shi takarda. Kurfoti kuma daga Ingilishi. Ko na'ura ai Larabci ce. Abin da na ce shi ne a tuna da mu.

Uwargida: Ni dai na'ura mai ƙwaƙwalwa aka koya mana a makaranta, yau jikokina kwamfuta suke cewa. Amma jirgin sama ya zauna, wayar hannu ta zauna. Baki ne ke zaɓe.

Malamin Hausa: Baki yana zaɓen abin da ya ji a rediyo, Hajiya. In masu makirfo suka ji kunyar kalmarmu, wa zai faɗe ta? Tun 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa saboda irin wannan aiki. Mu ne muka sake.

Mai Shirin Mata: Malamai, don Allah, agogo nake kallo. Akwai wata kuma: mata da yawa sun turo cewa sun ji abincin da aka saka a ciki yana ɗaukar guba irin ta nukiliya. Me zan kira abin da yake fitarwa ban ƙara musu tsoro ba?

Mai Gyaran Lantarki: Kada kalmar nukiliya ta fito daga bakinki ko don ƙaryatawa, ita kaɗai za a riƙe. Ki ce igiyar lantarki ce dangin ta rediyo, tana girgiza ruwan da ke cikin abinci har ya yi zafi, da an kashe ta ɗauke, ba ta zama a cikin abinci. Ragar da ke jikin gilashin ƙofa ita ke tsare ta. Saboda haka in ƙofar ta lanƙwashe ko ba ta rufuwa sosai, a daina aiki da shi. Kada a kunna shi babu komai a ciki. Kuma kada maigida ya kwance bayansa da sukudireba, akwai abin da ke riƙe wuta mai kisa ko an zare filogi.

Uwargida: Ki ƙara da leda da robar da ba a yi ta don zafi ba. Mu nan tuwo a leda ake naɗewa, haka ake jefa shi ciki. A juye a tangaran ko gilashi.

Tafinta: Mu koma kan murhun. Wanne kike nufi, Hajiya? Mai fuskar gilashi iri biyu ne.

Mai Gyaran Lantarki: Gaskiya. Akwai wanda gilashin ke yin ja, yana kuma daɗewa da zafi bayan an kashe, nan yara ke ɗora hannu. Akwai wanda ke aiki da maganaɗisu, tukunyar ce ke yin zafi, kuma ba ya karɓar tukunyar alminiyam irin ta ƙirar gida. Sai wadda mayen ƙarfe ke kamawa a gindi. Shi ma gilashin yana ɗaukar zafin tukunya.

Malamin Hausa: Murhun mayen ƙarfe.

Uwargida: Haba Malam, wace mace za ta ce ta sayi murhun maye? A bar shi murhun maganaɗisu. Ƙanwata, na gas ɗin da kika ce ba matsala, kada ki wuce shi da sauri. In an ji wari kada a taɓa makunnin fitila, a rufe kan tukunyar gas, a buɗe ƙofa da taga, don gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Tiyo da kumfar sabulu ake gwada shi, ba da ashana ba. Mai in ya kama wuta a kashe murhu a kifa murfi, ruwa ƙara ta yake yi. Mariƙin tukunya a juya shi ciki. Hijabi da gyale kuma a cire kafin a tsaya gaban wuta.

Mai Shirin Mata: Na gode ƙwarai, Yaya. Ga abin da na rubuta: karon farko zan ce "na'urar ɗumama abinci, wadda ake kira maikirowef, 'yan'uwanmu na Nijar kuma mikro'ond", in biyo da cewa tafasa take yi, kuma ba obin ba ce. Daga nan sai maikirowef. Ɗaya kuma murhun lantarki mai fuskar gilashi. Na maganaɗisu zan bar shi sai wani makon.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, amma shirinki ne. Ki faɗi maɗumami ko sau ɗaya, mu ji ko masu kira za su maimaita.

Mai Shirin Mata: Sau ɗaya, Malam, in mai tace rubutu bai soke ba.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, a rubutun ki sa alama a tsakiya, mikro'ond, kada mai karantawa ya haɗiye ta.