Wai da gaske masu talla na iya sanin inda idon mutum ya tsaya a allo?

Ɗan Kantin Kwari:
Assalamu alaikum. Ana ta cewa kamfanonin talla suna amfani da kyamara su gane wace tallar mutum ya kalla, da tsawon lokacin da idonsa ya yi a kai. Yaya na'urar take aiki? Kyamarar gaban waya za ta iya yin haka ba da sanin mai ita ba? Kuma akwai dokar da ta yi magana a kai?

Injiniya B.:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara raba abu biyu: na'urar da aka ƙera don wannan aiki, da kyamarar waya ko ta kwamfuta.

Ta farko, irin wadda kamfanin Tobii na Suwidin, da aka kafa a 2001, yake yi, sanda ce siririya da ake liƙawa ƙasan allo. Tana haska ido da hasken infared, wanda mutum ba ya gani. Hasken yana barin ɗan ƙyalli a saman ido, kyamara kuma ta ɗauki ƙyallin tare da baƙin ɗigon tsakiyar ido. Idan ido ya juya, ɗigon ne ke tafiya, ƙyallin kusan yana nan inda yake. Tazarar da ke tsakaninsu ake lissafawa a san inda ake kallo. Kafin a fara sai an yi saiti: mutum ya bi ɗigo 5 ko 9 a allo da ido, ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan na'urori na auna ido sau 60 a daƙiƙa, manyan na bincike har sau 1,200. Kuskurensu kusan rabin digiri ne, wato wajen rabin santimita idan mutum na zaune santimita 60 daga allo.

Ido ba ya tafiya sumul a kan shafi. Tsalle yake yi ya tsaya, kowace tsayawa kamar rubu'in daƙiƙa, kuma wurin da yake gani tangaram bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan ka miƙe hannu. Waɗannan tsaye-tsayen ake tarawa a zana taswira mai launi, ja inda aka fi kallo. Mutum biyar ba sa isa taswirar ta zama abin dogaro, ana neman 30 zuwa 40.

Abin da ke ɓata aikin: hasken rana, domin shi ma yana ɗauke da infared, sai ya rufe ƙyallin, tabarau mai sheƙi, fatar ido da ta sauko ta rufe rabin ɗigon, da kwalli ko jagira mai kauri, domin manhajar baƙi mafi duhu take nema, sai ta kama gefen ido ta ɗauka shi ne ɗigon. Haka nan idan mutum ya gyara zama sosai bayan saiti, sakamakon na iya gocewa gefe guda.

Kyamarar waya ko ta kwamfuta ba ta da wannan hasken, hoto 30 take ɗauka a daƙiƙa galibi, kuskurenta kuma santimita da yawa ne. Za ta iya cewa kana kallon sama ko ƙasan allo, amma ba wace kalma ba. Kuma shafin intanet ba ya buɗe kyamara sai burauza ta tambaye ka ka yarda. Tun daga iOS 14 da Android 12, koren ɗigo na bayyana a saman allo duk lokacin da kyamara ke aiki.

Malama Mai Lissafi:
Injiniya ya gama da na'ura, bari in ƙara ta fuskar kasuwa, don nan ne ake yawan ruɗewa.

Ma'aunin da masana'antar talla ta daɗe a kai shi ne: idan rabin talla ya bayyana a allo na daƙiƙa 1, ko daƙiƙa 2 in bidiyo ne, an ƙirga shi a matsayin wanda za a iya gani. Bayyana kuwa ba kallo ba ce. Tun 1998 masu bincike suka nuna cewa mutane na kauce wa duk abin da ya yi kama da talla, ko da abin da suke nema yana ciki. A 2006 Jakob Nielsen, mai binciken yadda ake amfani da shafukan intanet, ya nuna idon mai karanta shafi yana bin siffar harafin F. A rubutun Larabci kuwa siffar juyawa take yi ta fara daga dama. Mai saka talla a shafin ajami ko Larabci ya lura da wannan.

To abin da ake sayar wa masu talla a yau yawanci hasashe ne. Ana ɗaukar mutanen da suka yarda, ana biyansu, a auna idonsu, sannan a koya wa kwamfuta: talla mai girma kaza, a wuri kaza, da aka wuce da gudun yatsa kaza, tana samun kallo kaza. Daga nan ba a buƙatar kyamararka, Alhaji. Saurin jan shafi da inda ka dakata sun isa, kuma waɗannan ba a neman izininka kamar yadda ake nema na kyamara. A ganina wannan ya fi kusa da kai fiye da maganar ido.

Kuma kallo ba so ba ne. Ido na daɗewa a kan rubutun da ya rikita mutum kamar yadda yake daɗewa a kan wanda ya burge shi. Buɗewar ɗigon ido ma, da ake cewa alamar sha'awa ce tun binciken masanin halayyar ɗan Adam Eckhard Hess a shekarun 1960, haske ya fi komai juya ta: tsakanin milimita 2 da 8 take kaiwa da komowa. Talla mai duhu za ta buɗe shi ko da ba ta burge kowa ba.

Ɗan Kantin Kwari:
Na gode, Malama. Ke nan babu abin damuwa?

Barista Sakkwato:
Akwai, amma ba a wayar hannu ya fi yawa ba, a na'urorin da ake sawa a fuska ne. Google ya sayi Eyefluence a 2016, Oculus na Facebook ya sayi The Eye Tribe a ƙarshen shekarar, Apple ya sayi SMI na Jamus a 2017, duk ukun kamfanonin bibiyar ido ne. Na'urorin fuska irin su Quest Pro, PlayStation VR2 da Vision Pro na Apple duk suna da kyamarori a ciki masu kallon ido daga kusa. Dalilin fasaha na gaskiya ne: a fito da hoton daidai wurin da kake kallo da kyau, a rage ingancin gefe don sauƙaƙa wa na'ura aiki. Amma a awo 60 a daƙiƙa, minti 10 kawai ya ba da awo 36,000.

Ku kula da jimlar nan ta "ba ma adana hoton idonka". Tana iya zama gaskiya kuma ba ta kare ka ba, domin darajar tana cikin lambobin da aka ciro: ina ka kalla, yaushe, har tsawon wane lokaci. Daga su ana iya hasashen gajiya, maye, ƙwarewar karatu, da alamun wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma motsin ido ba abu ne da mutum ke iya ɓoyewa yadda yake ɓoye abin da ya danna ba. Apple ya hana manhajoji ganin inda kake kallo a Vision Pro, sai abin da ka zaɓa. Duk da haka a 2024 masu bincike sun gano abin da mutum ke rubutawa ta kallon idon mutum-mutumin da ke wakiltarsa a kiran bidiyo, sai da kamfanin ya toshe kafar.

A doka, ta jihar Ilinoi a Amurka ta 2008 ta fi cizo: izini a rubuce kafin ɗaukar tsarin ido ko fuska, diyyar dala 1,000 kan sakaci, 5,000 kan ganganci. A ƙarƙashinta Facebook ya biya dala miliyan 650 kan tantance fuskoki a hotuna. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, da ta Najeriya ta 2023, sun sa bayanan halittar jiki cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Giɓin shi ne, wannan kariya ta fi ƙarfi idan ana amfani da bayanan don gane ko kai wane ne. Kamfani zai ce shi ba ya son sanin sunanka, inda ka kalla kawai yake so.

Don haka kafin ka yarda da gwajin talla ko ka kunna bibiyar ido a na'ura, nemi amsar abu huɗu a takardar sharuɗɗa: a cikin na'urar ake lissafin ko ana turawa kwamfutocin kamfani, bidiyo ake ajiyewa ko lambobi, kwana nawa, kuma ana haɗa su da asusunka ko a'a. A Quest Pro a kashe take zuwa, kai ke kunnawa. A waya kuma shiga saitin izini, ɓangaren kyamara, ka cire duk manhajar da ba ta da aikin hoto.

Injiniya B.:
Ƙari kan na Barista: a burauzar kwamfuta izinin kyamara shafi-shafi ake bayarwa, kuma idan ka zaɓi "a koyaushe" yana iya ci gaba da aiki har sai an soke shi. Danna alamar da ke gefen adireshin shafin, za ka ga abin da ka taɓa ba shi.