Za mu gyara kicin da kanmu: ta ina ake farawa?

Uwargida, Ƙofar Kaura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kicin ne mai faɗin mita 3, tsawon mita 3.6, ƙasansa siminti, bangonsa fenti. Ana son a sa tayil ƙasa da bango, a yi kanta da sinki, kuma yaran gida ne za su yi mafi yawan aikin. Kwali nawa za a saya, kuma me ake fara yi?

Mai famfo, Sabuwar Unguwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki sayi tayil tukuna. Duk abin da zai shiga cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa shi ne farko, wato bututun ruwa, bututun fitar da ruwan wanke-wanke da wayar wuta. Na shigo da ruwa a sa bututun roba na PPR, wanda ake haɗawa da injin zafi. Na fitarwa kuma inci 2 ya fi inci ɗaya da rabi, saboda maiƙo da guntun tuwo. A ba shi gangara kamar santimita 2 a kowace mita har ya isa kwata ko sokawe. In an gama, a toshe bakunan, a buɗe ruwan tanki, a bar shi ya kwana a cike. In gari ya waye babu danshi a mahaɗa, sai a rufe da filasta. In aka rufe ba a gwada ba, ranar da ya fara yoyo sai an fasa sabon tayil.

Mai tayil, Ƙofar Marusa: Gaskiyarsa. Lissafin tayil ɗin ƙasa kuwa, 3 sau 3.6 ya ba da sukwaya mita 10.8. A ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa, a ce 12. In tayil mai santimita 60 da 60 ne, yawanci guda 4 ne a kwali, sukwaya mita 1.44, kwali 9 kenan. In 40 da 40 ne, guda 75 ake nema, sai ki duba adadin da aka rubuta a jikin kwalin don kamfanoni sun bambanta. A kwalin akwai lambar launi da lambar rukunin da aka gasa shi. Duk kwalayen su zo da lamba ɗaya, don tayil mai suna ɗaya yakan bambanta a haske, har a girma da milimita ɗaya ko biyu. A sa a buɗe kwali biyu ko uku a shagon, a haɗa tayil biyu fuska da fuska. In suna rawa ko tsakiyarsu ta buɗe, a lanƙwashe suke, a bar musu kayansu. Abin da ya yi saura kuma a ajiye shi a sito, kada a mayar.

Hajiya, Rafin Daɗi: Ƙanwata, kada ƙyalli ya ruɗe ki. Mai sheƙi na bango ne. A ƙasan kicin, da ruwan kumfa ko ɗigon mai ya taɓa shi, santsi yake yi. Ki nemi mai kaushi-kaushi, launin ƙasa ko toka. Fari fes kuma da ƙurar hunturun Katsina, sai dai ki wuni da tsumma a hannu.

Injiniya, Layout: Hajiya ta yi daidai. Ni maganar ƙasan nake so a tsaya a kai, don yawancin tayil ɗin da ke tashi ba laifinsa ba ne, laifin abin da ke ƙarƙashinsa ne. A bi tsohon daɓen da guduma ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙarar ganga, ya rabu da kankaren ƙasa, a fasa wurin. In lafiya lau yake, a wanke maiƙo da omo da ruwan zafi, a sassare fuskar don ta yi kaushi. In kuma za a sake daɓe, buhun siminti 1 ga kwanon sarki 8 na yashi mai kaifi, wanda aka tankaɗe, marar laka. Kaurin santimita 3 a wannan ɗakin zai ci buhu 3 ko ƙasa da haka kaɗan. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7, sannan a bar shi ya cika mako uku kafin tayil ya hau. Sabon daɓe yana tsukewa yayin bushewa, in aka yi gaggawa shi ne yake jan tayil ya tsage. In za a sa magudanar ruwa a ƙasa, gangarar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace mita ta isa.

Uwargida, Ƙofar Kaura: Allah ya saka da alheri. To gam za a saya ko siminti ya wadatar? An ce mini a jiƙa tayil a bahon ruwa kafin a sa.

Mai tayil, Ƙofar Marusa: Ya danganta da irin tayil ɗin, Hajiya. Ki juya bayansa ki ɗiga ruwa. In ya shanye nan take, siramik ne, shi ake jiƙawa kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, a jingine ya tsane, sannan a ɗora a kan siminti. In ba a jiƙa ba, zai zuƙe ruwan simintin ya bar shi gari. In kuwa ruwan ya tsaya a kai, foselin ne. Shi ba ya shan ruwa, abin da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka jiƙawa ba ta da amfani, kuma zallar siminti ba ya riƙe shi da kyau. Gam ɗin tayil ne maganinsa.

Baba magini, Ƙofar Guga: Yaro, gidaje nawa ne a garin nan aka sa musu foselin da siminti, suna nan daram? A kwaɓa siminti kamar kunu a shafe bayan tayil ɗin, a ɗora a kan ɗanyen kwaɓi, shi kenan. Gam tsada gare shi.

Mai tayil, Ƙofar Marusa: Baba, ba a ja da ku ba. A ƙasa hannun gwani irinku yana iya fitar da shi. Amma yara ne za su yi, kuma da bango a ciki. Buhun gam mai kilo 20 yana rufe kusan sukwaya mita 4 zuwa 5, buhu 3 kenan na ƙasa, ban da bango. Kuɗin bai kai na sake aiki ba.

Ga yadda za su yi. A zuba ruwa a bokiti tukuna, gwargwadon da aka rubuta a buhun, sannan gari. A gauraya, a bar shi minti 5, a sake juyawa. A shimfiɗa da cokali mai haƙora, na milimita 10 ga manyan tayil, layukan su tafi gefe ɗaya. Bayan tayil 60 da 60 ma a shafa masa siriri. Kada a shimfiɗa fiye da abin da za a rufe cikin minti 10 zuwa 15, don a zafin Afrilu ko iskar hunturu fuskar gam tana yin fata da wuri. A taɓa da yatsa, in bai manne ba, a kankare a zuba sabo. Kada a ƙara ruwa a wanda ya fara ƙarfi a bokiti. Abin da na fi hanawa shi ne ɗangwala gam dunƙule biyar a bayan tayil, kusurwa huɗu da tsakiya. Ramin da ya rage shi ne yake fashewa in tukunya ta faɗo, nan kuma kyankyasai ke tarewa. Bayan kowane biyar ko shida, a ɗaga ɗaya a ga ko gam ya rufe bayansa gaba ɗaya.

Injiniya, Layout: Kafin tayil na farko, a ja igiya. Bangon gidajenmu ba kasafai yake miƙewa ba, don haka ba shi ake bi ba. A ja layi ɗaya daga tsakiyar ƙofa zuwa bangon da ke fuskantarta, a ja na biyu ya gitta shi. Daga mahaɗarsu a auna santimita 60 a ɗaya, 80 a ɗayan, in tsakanin alamun ya ba da 100 daidai, kusurwar ta miƙe. A jera tayil a bushe a ga inda yanka zai faɗa, a tura yankakkun ƙarƙashin kanta. Tsakanin tayil da tayil a sa 'yan robobin tazara na milimita 2 ko 3. A jikin bango kuma a bar milimita 5 zuwa 8 babu komai, sikatin, wato layin tayil na gindin bango, zai rufe shi. Tayil yana buɗewa da zafi, in bai sami wurin motsi ba sai ya yi tozo a tsakiyar ɗaki ya fashe.

Baba magini, Ƙofar Guga: To, na bar muku gam ɗinku. Kanta dai kankare za a zuba, kuma kafin tayil. Tsawo daga ƙasa santimita 85 zuwa 90 bayan an gama komai, a tuna da kaurin daɓe da tayil a lissafi. Faɗi 60, kauri 7.5. Ƙafafu na bulo inci 4 ko 6, kada tsakaninsu ya wuce mita ɗaya da ɗan kai. Rodi mai milimita 10, a saƙa shi tazarar santimita 15, a cusa bakinsa cikin bango. Kwaɓi siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A sayi sinki tun yanzu, a yi akwatin katako daidai bakinsa a ajiye cikin falankin kafin zuba. Yanka kankare daga baya wahala ce. Falanki ya yi mako biyu kafin a cire.

Fentin bango kuma a kankare shi tas, a sassara filastar. Gam ba ya kama fenti, fentin ne zai ɓanɓaro da tayil ɗin. Layin farko a kafa shi a kan miƙaƙƙen katako da aka daidaita da lebul.

Mai wayarin, Ƙofar Durɓi: Soket ya zauna kamar santimita 15 sama da kanta, nesa da sinki da aƙalla 30, in da hali 60, kuma ba a saman murhu ba. Waya mai kaurin sukwaya milimita 2.5 ga soket na amfiya 13, firji a ba shi layinsa. Wannan ɓangaren ban yarda yara su taɓa ba, Hajiya, a kira mai sana'a. Tukunyar gas kuma a yi mata keji a waje, a huda bango yanzu tun ba a sa tayil ba.

Kafinta, Daura: Ƙofofin ƙarƙashin sinki kada a yi su da MDF, wato allon garin katako, da ya sha ruwa yake kumbura. A yi su da marin bod, wato katako mai jure ruwa, ko alminiyam. A ɗaga gindin kabad santimita 10 da siminti saboda ruwan mofa, a zuba maganin gara a ƙasa kafin daɓe. Kabad na sama ya bar santimita 55 zuwa 60 daga kanta. Kai tsaye a saman wutar gas kuwa kada a sa katako.

Hajiya, Rafin Daɗi: Abu ɗaya maza ba su faɗa ba, turmi. Kada a yi daka a kan tayil, ko foselin ne. A bar wa turmi wuri a tsakar gida. Sannan cikon layin da ke tsakanin tayil da tayil kada ya zama farin siminti, manja da hayaƙi suna mayar da shi ja cikin ɗan lokaci, kuma yana tsagewa. A sayi garin ciko na musamman, mai duhu.

Mai tayil, Ƙofar Marusa: Haka ne Hajiya. Awa 24 bayan an gama, a cire robobin, a share layukan, a cusa cikon da roba a karkace. Bayan minti 15 zuwa 20 a goge da soso mai ɗan danshi, washegari a bi da busasshen tsumma. Kada a wanke da asid, yana cinye cikon. Inda kanta ta haɗu da bango da kewayen sinki, silikon ake sawa. Wurin yanka da giranda, a yi a waje, da tabarau da takunkumi, don ƙurar tana illa ga huhu.

Uwargida, Ƙofar Kaura: Na rubuta duka, Allah ya bar zumunci. Saura ɗaya: ƙasa za a fara ko bango?

Mai tayil, Ƙofar Marusa: Bango, amma a bar layin ƙasa na ƙarshe. A gama ƙasa, a ba shi kwana ɗaya, sannan a yanka wancan layin ya sauka a kan tayil ɗin ƙasa. Firji da sauran kaya masu nauyi su jira kwana 7.