Katin NVIDIA na nuna Code 43, HDMI kuma ya ƙi kawo hoto

ɗalibin_zanen_gini:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Laftof ɗina mai katin hoto biyu ce, Intel UHD 630 da GTX 1650, a kan Windows 11. Tun bayan sabunta direba (manhajar da ke sa katin aiki da Windows), Device Manager ke nuna alamar rawaya a kan NVIDIA ɗin, da Code 43. Fuskar laftof na aiki lafiya, amma in na jona HDMI a talabijin babu hoto, Blender, manhajar zanen 3D, kuma sai jan ƙafa. An ba ni shawarar in cire direban Intel gaba ɗaya don a tilasta wa NVIDIA aiki. In yi hakan?

injiniya_mk:
Wa alaikumus salam. Don Allah kada ka taɓa Intel ɗin nan. A tsarin Optimus, wanda ke raba aiki tsakanin katunan biyu, fuskar laftof da Intel aka haɗa ta. NVIDIA lissafin hoton kawai yake yi, ya miƙa wa Intel, shi kuma ya nuna. Ka cire shi, Windows zai koma kan Microsoft Basic Display Adapter, maɓallin ƙara haske da rage shi ya daina aiki, matsalarka kuma tana nan daram. Ramin HDMI kuwa a laftof da yawa irin taka kai tsaye yake zuwa ga NVIDIA, shi ya sa ya mutu tare da katin. Ciwo ɗaya ne, ba biyu ba.

Code 43 na nufin Windows ya dakatar da katin saboda ya kawo rahoton matsala. Sau da yawa ragowar tsohon direba ne ke karo da sabo. Ga yadda za ka share:

Tun kana da intanet, sauke DDU (Display Driver Uninstaller, manhajar share direban katin hoto), da direban Intel daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗinka, da na NVIDIA. A shafin NVIDIA ka zaɓi jerin GTX 16 mai ɗauke da kalmar Notebooks. Daga nan kashe Wi-Fi, ka zare wayar intanet in akwai. Wannan matakin mutane ke tsallakewa, sai Windows Update ya riga su saka nasa direban da zarar kwamfuta ta tashi, aikin ya koma baya.

Riƙe Shift ka danna Restart, bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan danna 4 ka shiga Safe Mode. Buɗe DDU, share NVIDIA ba tare da sake kunnawa ba, sannan share Intel ka bar ta ta sake tashi. Wajen sakawa a juya tsarin: Intel da farko, Restart, sannan NVIDIA. A wurin saka na NVIDIA zaɓi Custom, ka sa alama a Perform a clean installation. Sai komai ya zauna za ka maido da intanet.

mai_gyara_kn:
Injiniya ya yi bayani, amma akwai abu biyu da zan so a duba kafin a kai ga DDU, don ba sa cin minti biyar.

Na farko caja. Juya ta ka karanta abin da aka rubuta, ka kwatanta da takardar da ke manne a ƙarƙashin laftof. Irin wannan na'ura yawanci 135W ko 150W take so. Laftof ɗin gwanjo da yawa ana haɗa su da caja 65W saboda bakin ya shiga. Fitila za ta kama, batir na iya hawa a hankali, amma da katin ya nemi wuta sai tsarin ya rage masa gudu, wani lokaci direban ya faɗi. Na biyu, Shut down ba ya kashe Windows gaba ɗaya in Fast Startup na kunne. Yana ajiye direbobi yadda suke ya dawo da su haka. Yi Restart, ko ka kashe, ka zare caja, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30.

Inda na ɗan saba da Injiniya: ni da direban NVIDIA na shafin kamfanin laftof zan fara, ko da tsoho ne, domin shi aka gwada da BIOS ɗin na'urar. In ya zauna lafiya sai a ɗora sabo a kai.

ɗalibin_zanen_gini:
Allah ya saka da alheri. Cajar 150W ce. Na bi matakan DDU, Code 43 ya tafi, HDMI ya dawo. Sai dai in Blender na fitar da hoto, Task Manager na nuna GPU 1, wato NVIDIA ɗin, kusan sifili, CPU kuma 100%.

injiniya_mk:
Madalla. Wannan kuma saiti ne, ba direba ba. Shiga Settings, System, Display, Graphics, ka ƙara blender.exe, ka ba shi High performance. Tun Windows 10 bugu mai lamba 2004, wanda ya fito a 2020, zaɓin da ke nan shi ke gaba da na NVIDIA Control Panel, don haka kada ka ɓata lokaci a can. A cikin Blender je Edit, Preferences, System, a Cycles Render Devices zaɓi CUDA (hanyar ba katin NVIDIA aikin lissafi) ka sa alama a GTX 1650. Sannan a Render Properties mai da Device zuwa GPU Compute. In ka manta wannan, CPU zai ci gaba da ɗaukar kayan shi kaɗai.

Kada kuma jadawalin Task Manager ya ruɗe ka, aikin 3D yake nunawa, ba na CUDA ba. Buɗe Command Prompt ka rubuta nvidia-smi yayin da aikin ke gudana, za ka ga Blender a jeri da zafin katin.

mai_gyara_kn:
Ka sa ido kan zafin nan, ɗan'uwa. In yana haura 85°C yana zama a can, fanka da raga sun sha ƙura, musamman bayan hunturu, kuma mai yiwuwa man da ke tsakanin katin da ƙarfen sanyaya shi ya bushe. In Code 43 ya dawo bayan sharewa mai tsafta irin wannan, buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto. Ka ga ƙwaƙwalwar katin na nuna 0 MB, ko hoto na fitowa da layuka masu launi a HDMI, to matsalar a jikin bod take, wato babban allon da katin ke manne a kai. Duk wanda ya ce zai hura masa iska mai zafi ya tashi, kada ka yarda; yakan yi aiki na ɗan lokaci ya sake mutuwa, zafin kuma na lalata abin da ke kewaye da shi. A irin wannan hali danna Disable device a kan NVIDIA a Device Manager, laftof za ta ci gaba da aiki da Intel, HDMI da ƙarfin katin NVIDIA za ka rasa.