Babana yana fama da raunin zuciya, yanzu kuma ga mantuwa

Ummu Sadiq: Salam 'yan uwa. Baba shekararsa 68, likita yace zuciyarsa ta yi rauni, ƙafa na kumbura, daga ɗaki zuwa masallaci sai ya tsaya yana haki, yanzu kuma yana manta ko ya sha magani, wanka ma sai an taimaka mai. Mu hana shi fita ne?

Abban Hafsat: Allah ya ba Baba lafiya. Kar ku kwantar da shi gaba ɗaya hajiya, zama wuri ɗaya ƙara kashe jiki yake. In likita ya yarda ya riƙa tattaki minti 5 zuwa 10 da sassafe, a ƙara a hankali, amma in ƙirji ya riƙe ko jiri ya ɗebe shi ya tsaya.

Yar Fagge: Mantuwar nan ku gaya wa likita fa, wataƙila jini ne baya isa ƙwaƙwalwa sosai, wani lokacin kuma gishirin jini ne ya sauka saboda maganin fitsari irin Lasix. Mamanmu akwatin magani mai ranakun sati muka siyo mata, tana sha da kanta yanzu. A rage gishiri da dunƙule, kunun kanwa kam a barshi.

Ummu Sadiq: Nagode sosai, ranar Talata zamu koma asibiti insha Allah.