Ɗana ya buɗe baki a filin ƙwallo, amma karatunsa ya ja baya: in hana shi ko in bar shi?

Wani uba daga Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyaye a kan ɗana mai shekara 15, wanda yake aji huɗu na sakandare. Tun yana ƙarami yaro ne mai tsananin kunya, ko shago aka aike shi sai ya tafi da ƙaninsa domin ya yi magana a madadinsa. Bara ya shiga ƙungiyar ƙwallo ta unguwarmu, suka fara buga gasa da wasu unguwanni, har ta kai yanzu shi ne kyaftin. Gaskiya yaron ya canza, domin yana tsayawa ya gaida baƙi da kyau, kuma na ji shi da kunnena yana raba rigima tsakanin 'yan wasansu. Sai dai a zangon da ya wuce ya sauko daga na 8 zuwa na 21 a aji, ya faɗi lissafi, kuma malamin Islamiyya ya aiko mini cewa ba ya ganinsa sosai. Mahaifiyarsa ta ce a ƙwace takalman kawai, ni kuwa ina tsoron kada in mayar da shi gidan jiya. Yaya kuke gani?

Malamin lissafi, Kawo:

Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin ka yanke hukunci a kan ƙwallo, ina ba ka shawara ka zauna da takarda ka lissafa yadda yinin yaron yake tafiya, daga tashi daga makaranta har zuwa lokacin da yake kwanciya. Na daɗe ina koyarwa, kuma abin da na fi gani shi ne ba atisayen la'asar ne yake kayar da yara ba, abin da ke biyo bayansa ne. Yaro zai gama wasa da magariba, ya ci abinci, ya wuce gidan kallo, wasannin Gasar Zakarun Turai kuwa ƙarfe takwas ko tara na dare suke farawa a agogonmu, ba zai dawo ba sai wajen goma sha ɗaya, sannan ya ɗauki waya ya ci gaba da musu a kan wanda ya fi iya wasa. Likitoci suna cewa matashi mai irin shekarunsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, wanda kuma zai tashi sallar asuba ba shi da hanyar samun hakan idan ya kai tsakar dare. Irin waɗannan yaran ne nake gani suna gyangyaɗi a darasin farko. Motsa jikin kansa ba laifi ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana so yaro ya samu aƙalla minti 60 a kullum.

Akwai kuma wani abu da iyaye suke kuskuren ɗauka, wato cewa ƙarfin gwiwar da yaro ya samu a fili zai bi shi aji da kansa. Ba dole ba ne. Ya samu ƙarfin gwiwa a ƙwallo ne saboda yana maimaita abu ɗaya kullum, yana ganin ci gabansa da idonsa, kuma ana yaba masa nan take. A lissafi kuwa, da zarar ya rasa darasi biyu ko uku, abin da ke gaba ba zai shiga ba, sai ya fara gudun wurin da yake jin kunya ya koma wurin da ake tafa masa. Saboda haka a nemo daidai inda zaren ya tsinke masa, a samo wanda zai zauna da shi rabin awa kullum, kamar yadda yake atisaye. Shekara biyu da 'yan kai suka rage masa kafin WAEC da NECO, kuma ba zai shiga jami'a ba sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci, kuma yawancin fannoni suna buƙatar lissafi.

Tsohon koci, Kabala:

Malam ya yi magana mai kyau, amma ni zan taɓo ɓangaren da na sani. Yaron Kaduna yana da dalilin yin mafarki, domin Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro duk a garin nan aka haife su, kuma suna cikin tawagar Najeriya da ta ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, inda Babayaro da Amokachi suka ci ƙwallo a wasan ƙarshe da aka doke Ajantina da ci 3 da 2. A filin wasa na Ahmadu Bello kuma an buga wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Yara sun san waɗannan labarai, abin da ba a gaya musu shi ne dubban da suka buga tare da waɗannan mutane waɗanda ba wanda ya san sunansu a yau. A cikin duk yaran da suka bi ta hannuna, ba zan cika yatsun hannu ɗaya ba idan ina ƙirga waɗanda ƙwallo ta zame musu abinci.

Sannan gasa takobi ce mai kaifi biyu. Yaron da yake kyaftin yau yana iya zama a benci gobe, ko gwiwa ta goce masa, kuma idan duk darajar da yake ganin yana da ita a ƙafarsa take, ranar da ƙafar ta gaza zai ruguje fiye da da. Na ga haka ya faru. Ka je da kanka ka tsaya a bakin fili ba tare da ka sanar ba, ka ji yadda kocin yake yi wa yara magana idan an ci su. Idan zagi da kunyatarwa ne, ka cire ɗanka ko da suna ɗaukar kofi kullum. Ka kuma yi hattara da masu zuwa da alkawarin kai yaro Turai gwaji idan an biya kuɗi, da masu cewa a rage masa shekaru a takarda, domin nan ne karatu yake mutuwa gaba ɗaya. A lokacina, duk yaron da bai kawo mini takardar sakamakonsa a ƙarshen zango ba, ba ya saka riga, kuma wannan sharaɗin ya fi bulalar iyaye aiki a kansu.

Wata uwa daga Unguwar Rimi:

Ban yarda da Malam gaba ɗaya ba a kan cewa ƙarfin gwiwar ba ya bin yaro aji. 'Yata ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba sai bayan da ta ci tseren mita 400 a wasannin gidaje na makarantarsu, daga nan ta shiga ƙungiyar muhawara da kanta. Bambancin dai shi ne wasanta a cikin makaranta yake, malaman da suke horar da ita su ne suke ganin makinta, kuma ba ya cin lokacin Islamiyya. Ƙungiyar unguwa ba ta da wannan tsaron sai idan uba ya saka shi. Ina kuma roƙonka, Alhaji, kada ka bar mahaifiyarsa ta zama ita ce mai hanawa kai kuma mai bari, ku tsayar da magana ɗaya kafin ku kira shi.

Wani uba daga Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi lissafin da Malam ya ce, sai na tarar yaron yana zuwa gidan kallo dare huɗu a mako, kuma atisayensu ya ci karo da Islamiyya a ranaku uku. Na je filin ranar Asabar kamar yadda Koci ya ba da shawara, ban ji zagi ba, kuma kocin nasu ya amince yaron ya riƙa zuwa ranakun Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, sai kuma ranar wasa. Ya ce zai fara neman takardar sakamako daga dukkan yaran, ba ɗana kaɗai ba. Mun yi magana da mahaifiyarsa, ta yarda takalman su zauna a hannunsa har zuwa jarrabawar tsakiyar zango, wayar kuma tana kwana a ɗakina. Abin da ya rage mini yanzu shi ne mai koya masa lissafi, idan Malam ya san wani a kusa da Tudun Wada.