Wane littafin binciken kisa na garuruwan Amish zan fara da shi?

Zainabu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ina son littafin binciken kisa na Turanci, amma mai sanyi, wanda ba a malala jini a shafi, babu batsa, mai binciken ma wata mai shago ce ko dattijuwa mai lura. Na ji an ce akwai irinsu da aka gina a garuruwan mutanen Amish na Amurka. Da wanne zan fara?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam Zainabu. Nemi *Assaulted Caramel* na Amanda Flower, ya fito a 2017. Bailey King gwanar haɗa cakulan ce a New York, ta zo wani ƙauye a jihar Ohio duba kakanta da ba shi da lafiya. Shi da kakarta Amish ne, suna da shagon alewa. Kwatsam sai ga gawar wani mai kuɗi a ɗakin girkin shagon, da wuƙar yanka cakulan a ƙirjinsa. Turancin ba shi da wuya, kuma za ki so tsohuwar.

Zainabu: Na gode Anti. Amma sai na san al'adarsu kafin in gane labarin?

Malam Sabi'u: Kaɗan ya ishe ki, Malama. Kiristoci ne da suka ware a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, asalinsu Suwizalan da yankin Alsas, daga baya suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania. Yau sun fi yawa a can da Ohio da Indiana. A gida wani karin harshen Jamusanci suke yi. Ba sa jan wutar lantarki zuwa gida, keken doki suke hawa, yara kuma suna tsayawa a aji takwas, kotun ƙolin Amurka ta tabbatar musu da wannan 'yancin a 1972. Ibada ma a gidajensu ake yi bi da bi, Lahadi ɗaya a yi, ɗaya a tsallake. Abin da ya fi shafar waɗannan labaran shi ne ba sa son kai ƙara kotu, ba sa rantsuwa, ba sa ramuwa. In wani ya yi laifi, bishof, wato shugabansu na addini, da jama'a ne za su zauna a kansa, in ya ƙi tuba a ƙaurace masa, ko cin abinci a tebur ɗaya ba za a yi da shi ba. To ki ɗauka ɗan sanda ya shigo irin wannan gari da tambayoyi. Za a gaishe shi da mutunci, a ba shi kujera, ya tashi bai samu komai ba. Dole sai an samu wanda ya san ciki ya san waje, kuma a nan daɗin littattafan yake.

Yaya Nura: In haka ne ai Linda Castillo ce maganar. *Sworn to Silence*, 2009. Kate Burkholder a cikinsu ta tashi, ta fita, ta dawo a matsayin shugabar 'yan sandan garin. Ban iya ajiye shi ba.

Anti Rabi: Haba Nura, ka karanta abin da yarinyar nan ta nema kuwa? Littafin yana da kyau, amma akwai bayanin gawa dalla-dalla da cin zarafin mata. Zainabu kar ki taɓa shi yanzu.

Yaya Nura: Gaskiyarki Anti. A ajiye shi ga masu ƙarfin zuciya.

Maman Ilham: Ni dai Millie Fisher ce tawa, ita ma ta Amanda Flower, a *Matchmaking Can Be Murder*. Dattijuwa ce Amish da mijinta ya rasu, ta iya gane wa ya dace da wa, ga awakinta biyu masu ɓarna. Abin da ya kama ni shi ne daga bakinta ake jin labarin. Ba ta da mota, ba ta da waya a aljihu, sai ƙawarta ta yarinta wadda ba Amish ba ta ɗauke ta su zaga. Yawancin bayanan da take samu a wajen ɗinkin bargo ne, mata sun kewaye shi kowacce da allurarta, kai a sunkuye, magana tana fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa zama wajen aikin gayya ya san yadda zance ke zuba in hannu yana aiki.

Malam Sabi'u: Mai son abin da ya ɗan fi nauyi ba tare da jini da yawa ba ya duba P. L. Gaus, *Blood of the Prodigal*, 1999. A gundumar Holmes ta Ohio aka gina shi, wuri ne na gaske mai cike da Amish. An ɗauke jikan wani bishof, shi kuma ya ƙi zuwa wajen hukuma, ya nemi wani fasto da wani farfesa su taimaka a asirce. Sai dai ina jan hankali, waɗannan marubutan duk ba Amish ba ne. Kowace jama'a tana da nata ƙa'idojin, abin da aka yarda da shi a wannan gunduma ana iya hana shi a maƙwabciyarta. Kar a karanta littafi ɗaya a ce an san su.

Hafsa: Ina nan ina rubutawa. Anti, dole ne a bi su a jere?

Anti Rabi: Waɗanda aka ambata kowanne shi ne na farko a jerinsa. Kowane littafi da nasa kisan, ana warware shi a ƙarshe. Amma soyayya da al'amuran gida suna ci gaba daga wannan zuwa wancan, in kika tsallaka za ki ɓata wa kanki. Na Millie ma a ƙauye ɗaya yake da na Bailey, mutanen suna leƙa juna, don haka na alewar ya kamata ya riga.

Zainabu: Allah ya saka da alheri. Na ga na alewar a Kindle, manhajar karanta littattafai, da shi zan fara. Maman Ilham, in na gama zan neme ki mu shiga na Millie tare.

Maman Ilham: Allah ya kai mu. Hafsa ki samu naki ki biyo mu.