Wa ya taɓa haɗa bod ɗin lantarki mai hawa huɗu a gida?

Ɗan Gusau: Salam 'yan uwa. Akwai wasu bod ɗin FR4 (allon zaren gilas da ake jera kayan lantarki a kai) sirara da yaron shagonmu ya kawo min daga kasuwar Alaba ta Legas, 0.8mm mai tagulla gaba da baya, sai 0.4mm mai gefe ɗaya. So nike in sa mai gefe biyun tsakiya in manna siraran sama da ƙasa, hawa huɗu na tagulla kenan, kauri wajen 1.6mm irin na kamfani. Wanda ya taɓa yi ya taimaka kar in yi asarar kaya.

Bakabe: Wslm. Sau ukku na yi bara, biyu sun tafi bola. Cin tagulla ba shi ne wahala ba, ka zana a KiCad, manhajar zanen bod, ka buga da firintar leza a takarda mai santsi, ka manna zanen kan bod da dutsen guga, ka tsoma cikin ferik, ruwan da ke cinye tagulla, shikenan. Inda gizo ke saƙa wajen saiti ne. Na farkon da ido na daidaita, na shafa gam na matse tsakanin tayil biyu na aza bulo, ashe gam ɗin nan santsi gare shi, na saman ya zame bai fi rabin milimita ba amma da na zo huda sai ramin ya ci gefen fad ɗin ciki, wato da'irar tagullar da ke kewaye rami inda ake soda, aikin kwana biyu ya tashi banza wallahi. Yanzu tun kafin guga nike haɗa ukkun in huda kusurwa biyu, in soka karyayyun bakin diril su riƙe. Kuma ka yi fad manya, 2mm ga ramin 0.8mm, kar ka yi rowa.

Malam na Ƙaura: Injiniya ka manta babbar matsala. Kamfani na shafe cikin rami da tagulla, mu ba mu da wannan, to da mi za ka taɓo layin ciki? Ni ramin bod na waje nike faɗaɗawa yadda bakin ayon ɗin soda zai kai fad ɗin ciki in sa siririyar waya in yi soda. Kuma ka auna kowane layi da mita kafin gam, in ka rufe ka rufe kenan.

Bakabe: Gaskiya ne malam. Af, kar ka sayi gam mai minti biyar, zafin Afrilu na Birnin Kebbi kafin ka gama shafawa ya daskare. Nemi mai daɗewa, ka shafa kaɗan daga tsakiya, in iska ta maƙale ciki ranar soda za ka ga wurin ya kumbura.

Ummu Sadik Jega: Ni na furojet na yi, mai 0.4 ya lanƙwashe wajen guga sai da na danne shi da gilas har ya huce. Ferik kuma a roba, kar ka kuskura kwanon silba, cinye shi yake. Hijabina har yau tabon na nan. Ka sa takunkumi wajen huda, ƙurar nan gilas ce.

Ɗan Gusau: Na gode ƙwarai. Layin ƙasa (giraun, inda wuta ke komawa) da na wuta kawai zan sa ciki, ramukan su ragu. Yanzu dai jiran wuta nike, tun jiya firinta ke kallona.